Mama ta ɗan zame, hannu ya karye, likita ya ce ƙashi ne ya zaizaye: ciwo ne ko tsufa?

Ummu_Safwan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Mahaifiyata shekararta 68. Mako uku da suka wuce ta zame a ƙofar banɗaki, ta dafa ƙasa da hannun dama, ko faɗuwar kirki ba ta yi ba don da kanta ta miƙe. Kafin dare wuyan hannun ya kumbura suntum. Da aka ɗauki hoto sai ga karaya. An gyara, an sa filasta, alhamdu lillahi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne likitan ya ce faɗuwar ba ta isa ta karya ƙashi mai lafiya ba, yana zargin ƙashinta ya zaizaye, wai a yi mata wani gwaji na auna ƙarfin ƙashi, kuma mai yiwuwa ta shiga shan magani na shekaru. Mama kuwa ta ce ita lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa jin ciwon ƙashi ba, tsautsayi ne kawai. Yayana ya goyi bayanta, ya ce tsufa ba shi da magani. Ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Don Allah wanda ya san abin nan ya yi min bayani: ciwo ne da gaske, ko tsufa ne aka raɗa wa suna?

Baban_Khalil:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Ni dai ina bayan yayanki. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Yaro ma yana faɗuwa ya karye, balle mai shekara 68. A bar tsohuwa ta huta da haɗiyar ƙwayoyi.

Maman_Ilham:
Allah sarki, Allah ya ƙara sauƙi. Irinsa ne da mahaifiyata, gwiwoyinta ba sa barinta barci, in ta miƙe har ƙara kike ji. Duk tsofaffinmu haka suke fama.

Nas_Rabi:
Sannu Ummu Safwan. Bari in fara da Maman Ilham: abin da ke damun mahaifiyarki daban ne. Ciwon gwiwa mai ƙara in an miƙe na gaɓa ne, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ne ya cinye, kuma shi ba ya ɓoye kansa. Zaizayewar ƙashi kuwa, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis, ba ta da baki. Mace za ta yi shekaru da ita ba ta ji ko ɗis ba, ranar da ta fara ji ita ce ranar karaya. Saboda haka maganar Mama cewa ba ta taɓa jin ciwo ba gaskiya ce, amma ba ta wanke ƙashin daga zargi ba.

Baban Khalil, yaro daga kan bishiya yake faɗowa, ko daga kan keke yana gudu. Mama daga tsaye ta faɗi. A wurin aiki, duk wanda ya haura 50 ya karye daga faɗuwar da ba ta wuce tsayinsa ba, ƙashin muke fara tuhuma kafin santsin ƙasa.

Ƙashi ba dutse ba ne, abu ne mai rai. Akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon ƙashi, akwai masu gina sabo a gurbinsa, dare da rana, har ta kai cikin kimanin shekara 10 kusan duk ƙashin jikin babban mutum ya sabunta. Daga yarinta zuwa wajen shekara 30 magina ne a gaba. Sai a yi kunnen doki na wani lokaci, sannan masu rushewa su rinjaya. Cikin ƙashin ya koma kamar itacen da gara ta ci: ta waje sumul, ka taka ya burma.

Hajiya_Turai:
'Yata Ummu Safwan, ki saurare ni, ni na sha wannan ruwan. Shekarata 71. Shekara huɗu da suka wuce na sunkuya zan ɗauki jikana, yaron da bai fi shekara biyu ba, sai na ji wani abu ya soke ni a tsakiyar baya kamar an caka min wuƙa. Na yi mako shida ina shafe-shafe, ina cewa iska ce ta shige ni. Da ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka kai ni hoto. Likita ya nuna min ƙasusuwan baya guda biyu sun lotsa, ɗaya sabo, ɗaya tsoho wanda ni ban ma san lokacin da ya faru ba. Ya tambaye ni ko na lura na rage tsawo. Na yi dariya, don na daɗe ina mita rigunana suna jan ƙasa, ina ɗora wa mai ɗinki laifi. Ashe ni ce nake gajarta. Kuma shekara shida kafin wannan na taɓa karya wuyan hannu kamar mahaifiyarki, aka ɗaure, ya warke, kowa ya kama gabansa. Da a lokacin wani ya ce min abin da likitanku ya ce muku, da wataƙila bayana bai ranƙwafa ba. Ku gode wa Allah da ya haɗa ku da wanda ya duba bayan karayar.

Ummu_Safwan:
Hajiya, wallahi kin taɓa min wani wuri. Da can Mama ta fi ni tsawo, yanzu ni nake kallon tsakiyar kanta. Duk mun ɗauka haka tsufa yake.

Likita_Sagir:
Rage tsawo kaɗan yana zuwa da shekaru, amma in ya kai santimita 4 daga tsawon ƙuruciya, ana so a ɗauki hoton baya. Kusan biyu cikin uku na irin lotsawar da Hajiya ta ba da labari ba sa zuwa gaban likita, ana ɗaukarsu ciwon baya ne na yau da kullum.

Gwajin da aka ce a yi wa Mama sunansa Deksa. Za ta kwanta a kan gado da kayanta, na'ura ta bi ta kan ƙugu da ƙasan baya, minti 10 zuwa 20 an gama, babu allura, babu zafi, kuma hasken da ke shiga jiki bai kai na hoton ƙirji ba. Sakamakon yana fitowa da lamba da ake kira makin T, wato an gwada ƙashinta da na matashiya mai lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta tsayar da iyakokin a 1994: daga -1 zuwa sama lafiya, tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara raguwa, -2.5 zuwa ƙasa zaizayewa ce. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya maye gurbinsa, don sai ƙashi ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 kafin a gani a wannan hoton.

Amma kada lambar ta rufe mana ido. Mata da yawa da suka karye makinsu bai kai -2.5 ba. Shi ya sa aka ƙirƙiro wani ma'auni, FRAX, a Jami'ar Shefild ta Ingila a 2008. Ana shigar da shekaru, nauyi, tsawo, ko an taɓa karyewa, ko uwa ko uba ya taɓa karya ƙugu, shan taba, da wasu magunguna, sai ya ba da kiyasin haɗarin karaya cikin shekara 10 masu zuwa. Karayar da Mama ta riga ta samu ita kanta hujja ce mai nauyi. Wadda ta karye sau ɗaya ta wannan hanya haɗarin ta sake ya kusan ninkawa, kuma ya fi tsanani a shekara biyun farko.

Yar_Auta:
Tambaya daga ƙaramar cikinku. Me ya sa mata? Ban taɓa jin an ce wani tsoho ƙashinsa ya zaizaye ba.

Gwaggo_Asabe:
Haihuwa ce, 'yata. Kowane ciki da abin da yake ɗiba, kowane goyo da abin da yake tsotsewa. Ni tara na haifa, na san abin da jikina ya gani. Maza me suka ɗauka?

Nas_Rabi:
Gwaggo, da girmanki, amma a nan zan ɗan ja. Gaskiya ne mai shayarwa tana rasa wani abu daga ƙashinta, don jiki yana ɗibar kalsiyam, sinadarin ginin ƙashi, ya zuba a nono. Sai dai bayan yaye ƙashin yana mayar da abin da ya rasa cikin watanni, kuma yawancin binciken da aka yi bai nuna masu yawan haihuwa sun fi karyewa a tsufa ba. Wahalar da kika sha ba mai musun ta, amma babban ɓarawon ba shi ba ne.

Babban ɓarawon ɗaukewar al'ada ne. Sinadarin mata, istirojin, shi ke riƙe da linzamin ƙwayoyin nan masu rushe ƙashi. Da al'ada ta ɗauke sai ya faɗi warwas, linzami ya kuɓuce. Cikin shekara 5 zuwa 7 na farko wata za ta iya rasa har kashi 20 cikin 100 na ƙarfin ƙashinta. Wani likitan Amurka, Fuller Albright, shi ya fara haɗa waɗannan abubuwa biyu a farkon shekarun 1940. Ƙari a kan haka ƙashin mace tun asali ya fi na namiji sirantaka, kuma mata sun fi daɗewa a duniya.

Yar Auta, maza ma ba su tsira ba. Kiyasin da ake yawan kawowa shi ne mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 da suka haura 50 za su samu irin wannan karaya a sauran rayuwarsu.

Gwaggo_Asabe:
To Nas, na ji. Amma ni dai ba a raba ni da cewa tara ba wasa ba ce.

Malam_Tanko:
Ku yi haƙuri, ni abin da na sani wannan ciwon farar fata ne. Baƙin mutum ƙashinsa ƙarfe ne.

Likita_Sagir:
Malam Tanko, akwai ƙanshin gaskiya a maganarka, shi ya sa take da haɗari. A Amurka, inda aka fi auna abin, baƙaƙen mata a jimlace ƙashinsu ya fi na fararen mata kauri, kuma ba su kai su karayar ƙugu ba. Amma a can ɗin dai an ga baƙaƙen mata sun fi mutuwa bayan karayar ƙugu, kuma ba a cika tura su gwaji ba, saboda tunani irin naka ya shiga kan wasu ma'aikatan lafiyar ma. Jimla ba ta kare mutum ɗaya. Ga Hajiya Turai a nan, ga mahaifiyar Ummu Safwan.

Abu_Hanif:
Tun ɗazu nake karantawa ina jinkirin rubutu. Mahaifiyata ta rasu shekara uku ke nan. Shekararta 79, amma da ƙafarta take komai, ita ke tashin gida da asuba. Wani dare ta tashi za ta zaga, babu haske, ƙafarta ta harɗe da gefen shimfiɗa, ta faɗi ta gefe. Da muka zo ta kasa tashi. Ƙafar hagu ta ɗan gajarta, tafin ya juya waje. Ban san wannan ita ce alamar karayar ƙugu ba, da na sani da a daren za mu tafi. Muka ce targaɗe ne, muka yi kwana tara muna gasawa. Da muka je asibiti aka ce sai aiki. Nan kuma 'yan uwa suka rabu biyu, wasu na cewa ba za ta iya ɗaukar tiyata ba a shekarunta. Muka koma da ita gida.

Abin da na gani a wata bakwai ɗin nan ba na fatan maƙiyina ya gani. Karayar ba ita ta kashe ta kai tsaye ba, kwanciyar ce. Baya ya yi gyambo, cinyoyi suka tsotse, abinci ya fita ranta, matar da ba ta taɓa yarda a miƙa mata ko ruwa ba ta koma sai an juya ta. Daga ƙarshe nimoniya, wato ciwon huhu, ta shiga. Kwana ya ƙare, na yi imani da haka. Amma daga baya na tuna shekara biyar kafin nan ta taɓa karya haƙarƙari daga tari kawai, tari fa, kuma babu wanda ya tambayi dalili.

'Yar uwa Ummu Safwan, ki nuna wa yayanki wannan. Hannu filasta ce da mako shida. Ƙugu wani labari ne.

Maman_Ilham:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri.

Hajiya_Turai:
Allah ya yi mata rahama, ɗana. Kada ka ci kanka da zargi, ba ku yi da gangan ba.

Likita_Sagir:
Allah ya gafarta mata. Ga masu karatu: tsakanin 1 cikin 5 zuwa 1 cikin 4 na tsofaffin da suka karya ƙugu ba sa kai shekara guda, kuma da yawa cikin waɗanda suka rayu ba sa komawa tafiya yadda suke a da. Shi ya sa ake so a yi aikin cikin awa 48, a tayar da mutum ya taka ƙasa washegari in zai yiwu. Tsoron tiyata ga tsoho yana da dalili, amma a mafi yawan lokaci kwanciya ta fi tiyatar haɗari.

Baban_Khalil:
Abu Hanif, Allah ya jiƙan Mama. Jikina ya yi sanyi. To amma in har raunin ƙashi ne, ba sai a saya mata ƙwayar kalsiyam ba a huta? Me ya kawo maganin shekaru?

Anti_Bilki:
Aikina ba da magani ne, kuma wannan ita ce tambayar da na fi sha. Kalsiyam kayan gini ne, kashi 99 cikin 100 na wanda ke jiki yana cikin ƙashi da haƙora. Amma in ana rushe gida da sauri fiye da yadda ake ginawa, tara yashi a ƙofa ba zai hana rushewar ba. Wadda ta riga ta karye tana buƙatar maganin da zai taka wa rushewar birki, kalsiyam da bitamin D su tallafa masa.

Ko yawan da ake buƙata ma ba a yi ittifaƙi ba. A Amurka miligiram 1,200 a rana suke cewa ga macen da ta haura 50, a Birtaniya 700 ga manya. Wanda aka samu daga abinci, kamar madara da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu da ganyaye, ya fi na kwalba. In za a sha ƙwaya, kada ta wuce miligiram 500 zuwa 600 a zama ɗaya don hanji ba ya iya tsotse fiye da haka sosai, kuma yawanta na kawo taurin bayan gida, wasu har tsakuwar ƙoda. Bitamin D shi ke buɗe wa kalsiyam ƙofa a hanji, fata ce ke haɗa shi in rana ta taɓa ta, kuma fatar tsoho ba ta haɗawa kamar ta yaro. Shi ma ba a yi masa ɗibar karan mahaukaciya: a wani gwaji da aka yi a Ostireliya, aka wallafa a 2010, tsofaffin matan da aka ba ƙaton awo sau ɗaya a shekara sun fi waɗanda ba a ba ba faɗuwa da karaya.

Yar_Auta:
Kai! Ashe abin alheri ma in ya yi yawa ya zama sharri. To mu da ba mu kai 30 ba, me za mu yi?

Nas_Rabi:
Ke yanzu ce kike ajiya, abin da kika tara shi za ki ci a 70. Ki ci ki ƙoshi, ki bar yunwar neman rama, ki yi tafiya da gudu da tsalle, ki nisanci taba. Rama mai yawa tana cikin abubuwan da ke jawo ciwon, musamman in har ta sa al'ada ta riƙa ɗaukewa.

Hajiya_Turai:
Tunda an zo maganar magani, ni alandironet nake sha, miligiram 70, sau ɗaya a mako. Ranar Lahadi na zaɓa don kada in manta. Da farkawa, ciki babu komai, da ruwa zalla kofi cike, sannan ba kwanciya ba cin komai sai bayan minti 30. Makon farko na raina dokar, na haɗiya da ɗan kurɓi na koma gado. Ƙwannafin da na yi ranar har na ɗauka zuciya ce. Tun daga nan nake bin ƙa'ida, in haɗiya in zauna a miƙe ina sauraron rediyo. Shekara huɗu ke nan, na faɗi sau ɗaya bara, ban karye ba. Ko maganin ne ko sa'a ce, Allah masani.

Zee_Baby:
Hajiya, ki yi hattara. Na karanta a Facebook wannan maganin yana ruɓar da muƙamuƙi, kuma yana sa cinya ta karye haka kawai. Maganin karaya mai kawo karaya, ina amfaninsa?

Likita_Sagir:
Zee, duka biyun suna faruwa, ba ƙarya aka yi ba, amma ba a gaya miki yawansu ba. Matsalar muƙamuƙi ta fi samun masu ciwon daji da ake ba irin wannan magani ta jijiya da awo mai yawa. A awon da Hajiya ke sha abu ne da ba kasafai ake gani ba, kuma ana rage haɗarin ta hanyar ganin likitan haƙori kafin a fara. Karayar cinyar ma ba ta da yawa, tana da alaƙa da daɗewa ana sha, shi ya sa bayan shekara 3 zuwa 5 ake zama a duba ko za a ba ƙashi hutu. Hajiya, kin kusa lokacin, ki tuna wa likitanki, kuma in kin ji wani ciwo mai naci a cinya ko matsematsi ki faɗa da wuri. A ɗaya gefen, ga matan da suka taɓa lotsa ƙashin baya, maganin yana rage sabuwar karaya da kusan rabi. Tun 1995 ake amfani da shi, ba baƙo ba ne.

Wadda cikinta ba ya ɗauka, akwai zoledironet, ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara, yakan sa zazzaɓi na kwana biyu a karon farko. Akwai denosumab, allura duk wata 6, amma wannan ku riƙe da kyau: ba a daina shi kwatsam. In aka tsallake allura ba tare da an maye gurbinta da wani magani ba, ƙashi na zubewa da sauri, wasu ƙasusuwan baya da yawa ke lotsawa a tare. Wanda bai da tabbacin zai iya ci gaba da samunta ya faɗa wa likita tun kafin a fara. Kuma kafin kowanne ana duba ƙoda da yawan kalsiyam a jini.

Maman_Ilham:
Ku tsaya. Likita ya ce akwai magungunan da ke cikin lissafin haɗari. Mahaifiyata tana shan wata 'yar ƙaramar farar ƙwaya saboda gwiwar nan, firedinisolon, wata maƙwabciya ce ta nuna mata. Ta fi shekara biyu tana sha kullum, don ita kaɗai ke sa ta taka. Har ta yi kumatu muna murna.

Anti_Bilki:
Maman Ilham, subhanallahi. Wannan ita ce kan gaba a magungunan da ke cinye ƙashi, ita da 'yar uwarta deksametason. Wata uku ana sha kullum ya isa a fara damuwa, balle shekara biyu. Kumatun ba ƙiba ba ce, alamar maganin ce. Amma don Allah kada ki je ki ƙwace yau. Jikin da ya saba da ita ya rage haɗa nasa sinadarin da ƙwayar ke kwaikwayo, in aka yanke lokaci ɗaya mutum na iya faɗuwa rai a hannun Allah. Ki kai ta wurin likita da kwalin a hannu, a rage a hankali, a duba sukari da hawan jini da ƙashin gaba ɗaya.

Maman_Ilham:
Na shigo yi wa wata jaje, ashe gobarar a ɗakina take. Gobe in sha Allah.

Ummu_Safwan:
Na tura wa Yaya labarin Abu Hanif. Ya yi shiru, sai ya kira ni ya ce to daga yau Mama ba za ta ƙara ɗaga ko tsinke ba, ta zauna a ɗaki a riƙa kai mata komai. Daga wannan gefe ya tsallaka wancan.

Nas_Rabi:
Ki ce wa Yaya ƙauna ce, amma za ta kwantar da Mama. Ƙashi da nauyi yake rayuwa. 'Yan sama jannati, ƙarti majiya ƙarfi, suna rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na ƙashin ƙugu duk wata a sararin samaniya, don kawai babu nauyin da ke danna shi. Tsohuwar da aka zaunar kuma naman cinyarta ke fara tafiya, ranar da ta miƙe sai jiri, sai faɗuwa. Ta riƙa tafiya kullum. Ta riƙa tashi daga kujera ta zauna sau 10 ba tare da dafawa ba in ta iya. Ta tsaya da ƙafa ɗaya tana riƙe da bango. Abin da za ta guje shi ne sunkuyawa ta ɗauki kaya mai nauyi da murɗa baya da ƙarfi.

Fiye da 9 cikin 10 na karayar ƙugu daga faɗuwa suke, saboda haka ƙarfin Yaya ya tafi can: fitila tsakanin gado da banɗaki, abin riƙewa a bango, a kawar da shimfiɗa mai naɗewa da wayoyin da ke ƙasa, takalmi mai kama ƙafa ba silifa mai santsi ba. A duba idonta ko akwai yana. In tana shan maganin barci ko na hawan jini mai sa ta jiri in ta miƙe, a gaya wa likita.

Malam_Tanko:
Ni dai yau na ji 1 cikin 5 na maza, na fasa gardama. Fitilar nan ni zan fara sa wa kaina.

Umm_Nabila:
Ku ba ni aron zauren kaɗan. Shekarata 41, bara aka cire min mahaifa da gidan ƙwai duka biyu. Likita ta ba ni maganin maye gurbin istirojin, amma na ajiye shi saboda an ce yana kawo kansar mama. Yanzu da na karanta bayanin Nas sai tsoro ya kama ni ta ɗaya gefen.

Likita_Sagir:
Umm Nabila, tsoron ya samo asali ne daga wani babban bincike na Amurka da aka fitar da sakamakonsa a 2002. Ya nuna haɗin istirojin da wani sinadarin yana rage karayar ƙugu, amma yana ƙara haɗarin kansar mama da gudan jini da shanyewar ɓarin jiki. Sai dai matan da aka yi binciken a kansu matsakaicin shekarunsu 63 ne. Ke 41 gare ki, jikinki ya rasa abin da ya kamata ya ci gaba da samu har wajen 50, kuma wadda ba ta da mahaifa istirojin kaɗai ake ba ta, wanda a wancan binciken ma bai nuna ƙarin kansar mama ba. Ɗaukewar al'ada kafin 45 babban haɗari ne ga ƙashi. Ki koma wurin likitarki ki faɗa mata kin ajiye, ita ta san dalilin aikin da tarihin danginku.

Baban_Khalil:
Har yanzu da sauran rina a kaba. Kakata ta kai 90 ba gwaji ba ƙwaya, ba ta taɓa karya ko farce ba. Ba kowace tsohuwa za a mayar majinyaciya ba.

Hajiya_Turai:
Gaskiyarka, ɗana, biyu cikin ukun nan da ba sa karyewa kakarka na ciki. Mahaifiyar Ummu Safwan kuwa ta riga ta fito a ɗayan.

Ummu_Safwan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda muke: asibitin da muke zuwa ba su da na'urar Deksa, sun rubuta mana takarda zuwa wani, an ba mu mako biyar. Likitan ya ce kafin nan a yi gwajin jini da hoton baya, tunda na gaya masa zancen tsawo. Yaya ya sa fitila da ƙarfen riƙewa a banɗaki jiya, amma maganar magani ya ce sai ya ga lamba da idonsa. Mama kuma ta yarda da gwaji, ta ce ƙwayar da za ta hana ta komawa barcin safe ba da ita ba. Hajiya Turai, wancan na ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara, kin san wadda ta taɓa yi? Kuma Nas, filastar saura mako uku a cire, amma yatsunta sun yi tauri, ta fara motsa su tun yanzu ko ta jira?